Tagar Ɗakin Sakala

Katongo yana cikin goge kwalar farar rigarsa sai dutsen guga ya tofar da toka a kan aljihun. Ya hure, ya kakkaɓe da bayan hannu, ya ɗaga rigar yana dubawa a hasken ƙofa. Tun jiya babu wuta a unguwar Chamboli, shi ya sa ya koma wa dutsen gawayi.

Matarsa ta zagayo ta gabansa, kamar yadda kowa a gidan ya saba yi kafin ya yi masa magana, ta riƙe ƙugu.

"Baban Kangwa, yau fa Laraba ce. Wa ya mutu?"

"Sai an mutu mutum zai sa riga mai kyau?"

"Rigar coci za ka sa ka je auna dusar kaji? To madalla. Kajin za su ji daɗi."

Ya ci gaba da guga. Idonsa yana kan tebur, inda 'yarsu Kangwa ta baje kayanta kusa da kwanon dafaffen dankali: 'yar na'urar ɗaukar murya, batura, da kwalbar ruwa. Kangwa ce babbarsu, ita ce kuma ta farko a danginsu kaf da ta wuce digirin farko. Kuɗin sallamar da aka ba shi lokacin da aka rage ma'aikata a ramin tagulla a karatunta suka ƙare, bai kuwa taɓa yin da-na-sani ba. Yanzu ta dawo gida daga jami'a tana binciken digirinta na biyu, kuma binciken a kan kunnuwan tsofaffin 'yan rami ne, mutane irinsa, waɗanda ƙarar injin fasa dutse ta cinye wa ji.

Da farko abin ya yi masa daɗi ƙwarai. Shi ya bi gida-gida yana kiran tsofaffin abokan aikinsa, yana cewa, "Binciken 'yata ne, ku fito." Suka fito ɗaruruwa, suka yi layi a zauren coci. Abokan karatun Kangwa suna ɗora wa mutum wani abu a kunne, in ya ji fito ya danna maɓalli, sannan a yi masa tambayoyi ya zaɓi amsa daga ɗaya zuwa biyar. Shi ma ya bi layi, aka auna shi, aka ba shi lamba a maimakon suna kamar kowa. Ya yi mako yana tafiya kamar shi ya gina jami'ar.

Sai aka shiga kashi na biyu. Daga cikin ɗaruruwan nan Kangwa ta zaɓi 'yan kaɗan, waɗanda za ta zauna da kowannensu shi kaɗai, ta saurare shi har sai ya gaji don kansa. Babu Katongo a ciki. Akwai Sakala.

Da Sakala suka yi ƙuruciyarsu a ƙarƙashin ƙasa, rukuninsu ɗaya, injinsu ɗaya. Mutumin gabas ne, ɗan ƙabilar Ngoni, wato abokin wasan duk wani ɗan Bemba irin Katongo. Tun ranar da suka san juna ba su taɓa gaisawa ba sai da zagi. Matar Sakala ta rasu, 'ya'yansa suna Lusaka, daga shi sai karensa a gidan.

Katongo ya sa rigar, ya ɓalle maɓallai har wuya, ya ja kujera ya zauna daidai inda zai ga bakin Kangwa.

"Yau ma gidan mai cin ɓeran nan za ki?"

"Tata," ta ce, yadda 'yan Bemba ke kiran uba, "kun san ba na faɗar inda nake zuwa."

"Ke ba kya faɗa, shi yana shela a kasuwa. Kun yi zama biyu, yau na uku. Me yake gaya miki ne da ba ya ƙarewa? Na san mutumin nan tun ba a haife ki ba. Maganarsa kaf ba ta cika cokali ba."

Ta yi murmushi, ta ci gaba da sa batura.

"Kuma me ya sa shi? Shi da bakinsa ya ce min kunnensa ɗan kaɗan ya taɓu. Nawa fa? Yaron da ya auna ni sai da ya sake aunawa, ya ɗauka na'urar ce ta lalace. In kurumta ake nema, ai ga ta a gida."

Kangwa ta ajiye na'urar. Ta ɗaga murya, tana rarrabe kalmomi yadda ta saba yi masa.

"Na'ura tana nuna min yawan abin da kunne ya rasa. Tambayoyin suna nuna min mutum nawa ne ke cikin damuwa. Amma akwai inda biyun suka ƙi haɗuwa, Tata. Wani kunnensa kaɗan ya taɓu, amma ya daina zuwa coci, ya daina shiga mutane. Wani nasa ya kusa tafiya duka, ya ce shi ƙalau yake. Lissafi ya nuna min wurin, amma ba zai gaya min dalili ba. Dole in zauna da mai abin, ya gaya min yadda yake ji a jikinsa, da safe, a kasuwa, a gaban jikokinsa. Abin da na ji daga bakinsu shi zan mayar sababbin tambayoyi, in koma wa ɗaruruwan nan, in ga ko su ma haka ne."

"Shi ne fino... fino me?"

"Finominoloji."

"Suna kamar maganin tsutsar kaji." Ya ɓare dankali ɗaya, bai ci ba. "To ki saurara. Ni a tambayoyinku na ce ba ni da matsala ko ɗaya. Ga na'ura ta ce wani abu, ga ni na ce wani. Ashe ni ne irin wanda kike nema."

Kangwa ta kalli mahaifiyarta, sannan ta kalle shi.

"Ku mahaifina ne."

"Laifi ne?"

"Kafin in zauna da mutum, sai na tattara duk abin da nake ganin na sani game da kurumta na ajiye shi a gefe, in saurare shi kamar ban taɓa ganin mai ciwon ba. Malamata ta ce da uba ba ya yiwuwa. Gaskiyarta ce kuma. Kafin ku buɗe baki, na riga na san abin da za ku ce."

"Abin da kika sani game da kurumtar, a ina kika san shi?"

"A gidan nan."

"Wato ni ake ajiyewa a gefe."

"A cikin aiki ne kawai, Tata."

Matarsa ta leƙo da fuskarta tsakaninsu. "Kai da kullum kake cewa kana ji ras, mutanen zamani ne ke magana ciki-ciki? Yanzu kuma kurumta kake takara a kai?"

"Ina ji mana!"

"To me za ka gaya mata?"

Ya miƙe, ya ɗauki makullin rumfarsa ta kasuwa, ya fita ko shayi bai sha ba.

A kasuwa ya auna dusa ga mata biyu, ya kusa ba ɗaya ta masu ƙwai a maimakon ta 'yan tsaki. Ƙurar dusar tana sauka a kan farar rigar, yana kakkaɓewa. Hantsi ya ɗaga sosai sai ga Sakala yana tahowa ta layin masu tumatir, sanye da kwat da taye, da galan ɗin munkoyo, wato kunun masara mai tsami, a hannu ɗaya, ledar burodi a ɗayan. Tun daga nesa bakinsa yake motsi. Katongo bai buƙaci jin komai ba, ya san karatun da ka: ɓarawon Bemba, mai cin biri.

"Mai cin ɓera!" ya daka masa. "An ƙone daji ne ka fito? Wa ya ɗaure maka igiya a wuya kamar akuyar sayarwa?"

Masu tumatir suka fashe da dariya. A kasuwar nan kowa ya san ba a jefa wa Katongo magana ta faɗi ƙasa. In wani ya kawo zancen na'urar coci, cewa yake ƙarya take yi, shi ko allura ta faɗi yana ji.

Sakala ya iso ya jingina da rumfar, yana haki, yana dariya.

"Mbuya," ya ce, sunan da abokan wasa ke kiran juna da shi, "kai ma ai ka sha ado. Kotu za a kai ka? Me ka sata yau?"

"Ina za ka da burodi, kai da sai ranar Kirsimeti kake ganinsa?"

"'Yata za ta zo."

Kalmar ta shiga Katongo kamar ƙaya.

"Wace 'yar taka? Naka ai duk maza ne, su ma sun gudu."

"Kangwa mana. Mbuya, ka tabbata kai ka haifi yarinyar nan? Ɗan Bemba ai ba ya iya rufe baki ya saurari wani. Ita kuwa..." Dariyar ta ɗan sauka daga fuskarsa. "Ka san rabon da wani ya tambaye ni abu, ya tsaya ya jira amsa? Na rantse maka, har abin da ban taɓa gaya wa marigayiya ba na gaya mata."

"Ƙarya ka shirga mata."

"Ka ci kanka. Littafi za a yi da ni, kai kuwa lamba ce kawai a cikin layi." Ya gyara tayensa, ya wuce.

Katongo ya zauna a kan buhun dusa. Shi ne ya goya yarinyar nan a wuya ya kai ta kallon ƙwallo. Shi ya koya mata karanta agogo. Duk shekarun da ya yi yana shiga rami da asuba yana fitowa fari fat da ƙura, ba ta taɓa ce masa, Tata, yaya can ƙasan yake ba. Yanzu ma maganarsu a gida ba ta wuce kalma ɗaya-ɗaya da ƙarfi: abinci, magani, waya. In ya fara zance, kafin ya kai tsakiya ta ƙarasa masa, don ta hutar da shi. Amma ga ta can tana kwashe yini a gaban Sakala, mutumin da ko sunan makarantarta bai iya faɗa ba. In aka ci gaba a haka, wata rana a gidan Sakala za ta fara kai mijin da za ta aura.

Ya rufe rumfa rana tsaka, abin da bai taɓa yi ba.

Da ya isa gidan Sakala, bai bi ta ƙofa ba. Ya zagaya ta lungun baya, ya kutsa ta wata kafa a jikin shingen, ya ratsa ganyen kabewa a sunkuye. Tagar falon a buɗe take, labulen ya rufe rabi. Akwai duro cike da ruwa a gefen tagar. Ya durƙusa a bayansa, ya juya kunnensa na dama, wanda yake kira mai kyan, ya kafa shi a saitin tagar. So yake ya ji ƙaryar da kunnensa, ya kai wa Kangwa ita da daddare, ta san wanda take ɓata wa batura.

Bai ji komai ba.

Ya matsa kusa. Ya riƙe numfashi. Babu abin da ke cikin kunnen sai fiton nan siriri da ya biyo shi daga rami tun shekaru, wanda ba ya tsayawa dare da rana. Ya toshe na hagu, ya buɗe. Ya kama bayan kunnen da tafin hannu. Shiru. Sai a lokacin ya tuna cewa shi sai ya ga baki yake jin magana, kuma ya baro kasuwa, ya ratsa shinge, ya ɓata wando, don ya yi laɓe da kunnen da ba shi da shi.

Da ya tafi a nan, da shi ke nan. Amma ya ɗaga kai ya leƙa.

Sakala yana zaune a kujerarsa ya ba tagar gefe, ba a ganin bakinsa sosai. Kangwa tana kan 'yar kujera a gabansa, na'urar a kan tebur tsakaninsu da jar fitilarta. Ba ta rubuta komai. Hannayenta suna kan cinya, ta ɗan karkato gaba, fuskarta a sake, irin sakewar da Katongo ya manta tana da ita. Sakala ya yi magana, ya yi magana, sai ya tsaya. Ya kalli ƙasa. Katongo ya jira ta ƙarasa masa zancen. Ba ta ƙarasa ba. Ba ta kalli agogo ba, ba ta taɓa wayarta ba. Ta bar shirun ya zauna a ɗakin kamar baƙon da aka san da zuwansa.

Can ta buɗe baki, kuma da yake ita tagar take fuskanta, Katongo ya karanta a leɓenta: "A lokacin, yaya abin yake?"

Sakala ya kwance taye, ya ajiye a hannun kujera. Kafaɗunsa suka fara rawa. Sakala, wanda dutse ya taɓa murƙushe wa yatsa bai yi ko tsaki ba, yana kuka a gaban 'yar Katongo, ita kuma idanunta sun ciko, tana kallonsa kamar duk duniya babu wani mutum sai shi.

Katongo ya ƙara lafewa a jikin duron. A ransa ya shiga amsa tambayar. Da shi aka yi wa ita, da ya ba da labarin ranar da rufin rami ya tsage, da ranar da ruwa ya kusa cinye su, da yadda Baturen da ke shugabantar ramin ya yi masa jinjina a gaban kowa. Yana da labarai da za su cika na'ura goma. Yana cikin jera su ne ya ga su biyun sun juyo gaba ɗaya suna kallon tagar.

Bai san karen ya daɗe a bayansa yana haushi ba, sai da ya ji haƙora a ƙafar wandonsa. Ya zabura, ya bangaji duron, duron ya kife. Ruwa ya kwarara a kansa, ya zauna daɓas a cikin laka.

Kafin ya miƙe sun fito. Sakala ya kori karen. Babu dariya a fuskarsa ko kaɗan.

"Katongo," ya ce. Tun da suke bai taɓa kiransa da sunansa ba. "Laɓe kake min?"

"Me ka faɗa da ni ba zan iya faɗa ba? Kunnenka lafiyarsa ƙalau, kana zaune kana..."

Sakala ya juya wurin Kangwa. Ya tsaya inda Katongo ke ganin bakinsa, ko da gangan ko ba da gangan ba.

"Kin ce min babu wanda zai ji. Kin ce ko sunana ba za a sa ba."

"Haka na ce, Baba Sakala. Ban san sun zo ba."

"Kin kuma ce duk ranar da na ga dama zan iya janyewa."

"Kuna da iko."

"To ki goge. Duka ukun. Wannan mutumin kafin la'asar ya kai ni kasuwa, masu tumatir su yi ta kwaikwayon kukana. Sauran da kike zuwa wurinsu ma zan gaya musu su san bakinsu, don ubanki yana bin bayan tagogi."

Kangwa ba ta yi musu ba. Ta koma ciki ta ɗauko na'urar, ta riƙe ta da hannu biyu. Ba ta kalli mahaifinta ba, wannan ne ya fi ba shi tsoro. Ya san ƙarshen wata za ta koma jami'a. Ya san in maganar nan ta zagaya Chamboli, babu tsohon ɗan ramin da zai sake buɗe mata baki, ɗaruruwan lambobin nan kuma su zauna babu mai fassara su. Ya ga babban yatsanta yana neman maɓallin.

"Tsaya!" ya ce. "Ban ji komai ba."

"Kai?" Sakala ya yi wata gajeriyar dariya. "Kai da kake jin faɗuwar allura? Kai da ba a taɓa zaginka ka rasa amsa ba?"

"Karenka ma ban ji shi ba."

"Daɗin gulma ne ya ɗauke maka hankali."

Katongo ya dubi rigar cocinsa, ta koma ruwan ƙasa. Ya dubi na'urar a hannun 'yarsa.

"To zan juya maka baya. Ka zage ni."

"Me?"

"Duk zagin da ka ga dama, da duk ƙarfinka. Ka san ni. In na ji, ka san ba zan iya yin shiru ba."

Bai jira amsa ba. Ya juya ya fuskanci bangon gidan, ya sa hannaye a baya kamar ɗan makarantar da aka hukunta.

Fentin bangon ya ɓaɓɓare. Akwai tsaga da ta taso daga ƙasa ta nufi tagar, da jerin tururuwa suna bin ta. Ruwa yana ɗiga daga gwiwar hannunsa. Fiton yana nan a kunnensa, siriri, ba ya hawa ba ya sauka. Bai san ko Sakala ya fara ba. Bai san ko ya gama ba. Bakinsa ya yi ta ƙaiƙayi ya jefa "mai cin ɓera" a kan sa'a, yadda ya shekara da shekaru yana yi a kasuwa da coci da gidan makoki, yana cankar abin da aka ce daga fuskokin mutane, yana dariya in ya ga ana dariya. Yau babu fuska, sai bango. Ya cije leɓe, ya ci gaba da kallon tururuwa.

Sai ya ji hannu a kafaɗarsa.

Da ya juyo, Sakala yana haki, jijiyoyin wuyansa sun tashi. Kawunan maƙwabta biyu sun leƙo ta saman shinge. Kangwa ta rufe baki da tafin hannu.

"Mbuya," Sakala ya ce, yana buɗe baki sosai, yana jan kalmomin a hankali, yadda ake yi wa ƙaramin yaro. "Har kakarka na zaga. Na ce birin da kuke ci ya fi ka kyau. Na ce Kangwa 'yata ce."

Katongo ya matse ruwan hannun rigarsa.

"Tun yaushe ya kai haka?"

"Ba kai ke binciken ba."

Sakala ya daɗe yana kallonsa, da wani irin tausayi da Katongo ya gwammace zagi a kansa. Sannan ya shiga ciki, ya fito da kujerar roba da kofin munkoyo da gutsuren burodi. Ya ajiye kujerar a inuwar mangwaro, taku kaɗan daga tagar.

"Zauna nan ka bushe, ɓarawon Bemba. Ba sai mun rufe taga ba." Ya juya. "'Yata... Kangwa, kunna abinki. Ina muka tsaya?"

Haka Katongo ya zauna a gaban tagar a buɗe, da kofi a hannu, karen kwance a ƙafarsa. Yana ganin gefen kan Sakala yana motsi, yana ganin jar fitilar. Ba su ko ja labule ba. Ya sha munkoyon, ya same shi da tsami, ya shanye duk da haka.

La'asar ta yi sanyi suka kama hanyar gida. Sun wuce masu gasa masara, sun wuce filin da yara ke buga ƙwallon leda. Yana jiran faɗa. Ya shirya amsoshi har kala uku.

A bakin kwalbatin da ke kusa da cocinsu Kangwa ta sha gabansa, ta tsaya. Ta buɗe jaka ta nuna masa na'urar a kashe, ta zare baturan, ta zuba su a aljihun rigarsa mai laka. Ta zauna a kan kwalbatin, ta nuna masa gefenta.

"Wannan ba na littafi ba ne, Tata. Malamata ba za ta karɓa ba."

Ya zauna.

"Lokacin da kuka fuskanci bangon nan, yaya abin yake?"

Ga tambayar ta zo. Duk labaran da ya jera a bayan duro suna nan, rufin rami, ruwa, jinjinar Bature. Ya buɗe baki.

"Ba komai," ya ce. "Bango ne kawai."

Ya jira ta ce to, ta miƙe. Ko ta ce ai na sani, Tata, ta ƙarasa masa. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta ɗora hannaye a kan cinya, ta ɗan karkato, tana kallonsa. Wata ƙaramar bas ta wuce cike da mutane, yaron motar yana dukan ƙofa, bakinsa a wangale. Wata mata ta wuce da buhun gawayi a ka, ta gaishe su, Kangwa ta amsa da kai kawai. Shirun ya yi tsawo har ya fara yi masa nauyi a ƙirji. Ya murza laka daga gwiwar wandonsa.

"Muryarki," ya ce.

Ba ta motsa ba.

"Ta yanzu. Ban san ta ba. In kin ɗaga murya ina jin wani abu kamar ana magana a cikin ruwa, amma ba murya ba ce. Bakinki nake kallo, sai in ɗora masa wadda na sani, ta lokacin da kike firamare, kina karanta min agogo." Ya kalli filin ƙwallo. "Da safe da kike min bayanin finon nan naki, da digiri da komai, 'yar shekara bakwai ce ke magana."

Hawaye ya gangaro mata, ba ta share ba. Ya saci kallonta. Irin kallon da ta yi wa Sakala ne, sak. Ya auna shi da kyau, ya ga kamar ma nasa ya ɗan fi.

Ya gyara zama a kan kwalbatin, ya ɓalle maɓallin wuyan rigar.

"Zama nawa kika ba mai cin ɓeran nan?"

"Uku, Tata."

"To ni huɗu."